Guzurin Hanyar Ƙanƙara

'Yan'uwana masu karatu, musamman masu aiko da wasiƙu suna tambaya wai ina na shige ne shiru babu sabon littafi. Ku yi haƙuri, aure ne ya ɗauko ni daga Kano ya dire ni a Whitehorse, babban birnin Yukon, can ƙuryar arewacin Kanada inda Maigida yake aiki. Ni da ɗan hunturun gida yake sa ni ƙin wanka da safe, yau ga ni a garin da mota ma sai an jona ta da wutar lantarki ta kwana, don kada injinta ya daskare.

Wani dare cikin watan Nuwamba muna cin abinci, Maigida ya ce min maƙwabcinmu ya roƙe shi ya raka shi farautar karibu, ya taya shi tuƙi da ɗaukar nama. Maƙwabcin nan dattijo ne ɗan ƙabilar Gwich'in, waɗanda tun kaka da kakanni da naman karibu suke rayuwa. Na ce, "Farauta kuma? A ina?" Da ya buɗe min taswira a waya gabana sai da ya faɗi. Na ajiye cokali na ce, "Wallahi ƙafarka ƙafata, ba za ka bar ni ni kaɗai ina ƙirga awoyi ba." Ya yi lallashi ya gaji, ƙarshe ya ce to sai in Iya ta yarda, wato matar dattijon, don haka nake kiranta.

Karibu wata irin barewa ce ta ƙasar sanyi, mai ƙaho kamar rassan bishiya, kuma mace da namiji duk suna yin ƙahon. Kofatonta faffaɗa ne, da shi take tona dusar ƙanƙara ta ci gansakukar da ke ƙasa. Garken da za mu nema ana ce masa Porcupine, yana kai da kawowa tsakanin Alaska da Yukon, kuma a ƙidayar 2017 an samu wajen guda 218,000. Wata shekarar sukan sauko kusa da hanya, wata kuwa ko ƙurarsu ba a gani.

Hanyar ita ce Dempster. Sai an yi kusan kilomita 500 daga gidanmu kafin a kai bakinta, kusa da garin Dawson, daga nan ta miƙe sama da kilomita 700 har garin Inuvik. A 1979 aka buɗe ta, kuma burji ce, an jibga tsakuwa mai kauri saboda ƙasar da ke ƙarƙashinta a daskare take rani da damina, in ta narke hanyar za ta lotsa. Abin da ya hana ni barci shi ne, daga bakin hanyar babu gidan mai sai Eagle Plains, kilomita 369, ga shi babu sabis ɗin waya. Ku duba fa, ya fi Kano zuwa Kaduna nisa sosai, babu mai faci, babu mai shayi, babu ko ƙauye.

Washegari na ci kwalliya na shirya jakata, na kai wa Iya ina taƙama. Baiwar Allah ta zazzage ta a kan gado, ta ware atamfofina da duk wani abu na auduga gefe guda. Raina ya ɓaci na zumɓuro baki. Sai ta cire safar hannunta ta nuna min ƙaramin yatsanta, rabinsa babu. Ta ce, "'Yata, tun ina budurwa sanyi ya cinye shi, safar hannuna ce ta jiƙe. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, a jikinki za ta yi sanyi ta kashe ki." Jikina ya yi la'asar, na kasa cewa komai. Ta ba ni kayan ulu hawa uku, na ciki da na tsakiya da babbar riga mai hula, da takalmi mai faɗi wanda zai ɗauki safa biyu ba tare da ya matse ni ba. Ta ce in cire 'yan kunnena, domin ƙarfe yana jawo sanyi ya ƙona fata.

Su maza kwana uku suka yi a kan motar, wata ƙatuwar a-kori-kura. Suka sa mata tayoyin sanyi da safaya biyu, saboda tsakuwar hanyar tana yanka taya, aka canza batir, aka ɗaure jarkokin mai a baya. Ga shebur, ga gatari, ga igiyar jan mota, ga tocila, ga buhun barci mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, ga wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Bindiga kuwa ta Baba ce shi kaɗai, Maigida ba shi da takardar farauta.

Abin da ya ba ni dariya shi ne gwangwani da kyandir da ashana da Baba ya miƙo min. Na ce, "Baba, ashe nan ma ana ɗauke wuta?" Bai yi dariya ba. Ya ce in mota ta mutu a daji, kyandir ɗin nan ne zai ɗan ɗumama cikinta, ya narka mana ƙanƙara mu sha. Ya kafa min doka biyu: kada in kuskura in bar motar in ce zan nemo taimako a ƙafa, kuma kada a tayar da inji sai an share dusar da ta toshe salansa, an sassauta gilashi, don hayaƙin nan ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci.

A kicin ne na rama. Na yi dambun nama cike da roba, na soya gyaɗa da cincin, na cika filas biyu da shayi mai citta da kanumfari. Iya ta ɗanɗana dambun ta ce irinsa suke so, abin da ba ya daskarewa kuma yana riƙe ciki. Nan take ba ni labari cewa a al'adarsu ba a harbin na gaban garke, sai an bari jagorori sun wuce, kuma ba a ɓarnar nama. Wanda za a samo ɗin nan yawancinsa na tsofaffi ne da ba sa iya fita, shi za su ci har sanyi ya wuce. Sai a lokacin na gane abin da ya sa dattijo mai furfura zai sa kansa a wannan hanya.

Daren tafiya Iya ta rubuta inda za mu da ranar dawowarmu ta liƙa a jikin firij, in ranar ta wuce shiru za ta kira 'yan sanda. Ni kuma na kira Hajiyarmu a gida, na ce mata za mu ɗan yi tafiya ta sa mu a addu'a, ban dai faɗa mata kilomita nawa ba ne.

Da asuba muka fito, duhu ƙirin, don a wannan wata rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara ta wuce. Maigida ya zare wayar wutar motar ya naɗe, ya dube ni cikin kayan nan kamar buhun gero ya ce, "Amarya, har yanzu kina iya fasawa." Na harare shi na shige mota, gwangwanina a kan cinya.

Yadda ta kaya tsakaninmu da Dempster, da ko mun ga karibu, sai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.