Guntun Gatarinka

A zauren gidanmu, can ƙasar Yankwashi, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe wanda duk ya yi baƙi ƙirin da mai. A cikinsa akwai sufanu da filaya da sukudireba da tsofaffin fulogi. Tun ina yaro nake jin kunyar akwatin nan. Idan abokaina na sakandare suka kawo mini ziyara, sai in yi wuf in rufa masa buhu, wai don kada su gane mahaifina bakanike ne. Ga shi yau ina shekarar ƙarshe a jami'a, alhali babu kwabo ɗaya da aka kashe a karatuna wanda bai fito daga cikinsa ba.

Bari in gaya wa mai karatu yadda akwatin ya shigo gidanmu. Baba ya yi aiki a wata masaƙa a Kano har zuwa 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da shirin nan na tsuke bakin aljihu mai suna SAP. Darajar naira ta faɗi, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata, aka sallame shi ya dawo gida hannu rabbana. A ƙarshen wannan shekara ne aka kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, watau NDE. Ɗaya daga cikin shirye-shiryenta shi ne a ɗauki matashi a danƙa shi ga mai sana'a, gwamnati ta riƙa ba yaron ɗan abin kashewa, ta kuma biya maigidan ladan koyarwa.

Ta haka Baba ya sami kansa a shagon wani bakanike a Kazaure, lokacin muna cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka yi Jigawa. Abokansa suka zaɓi ɗinki, wai ya fi tsabta. Shi kuwa ya lura masu noman rani sun fara ajiye jigo suna sayen injin ban-ruwa, kuma ya san duk abin da ke da inji wata rana sai ya nemi mai gyara. Daga ɗan abin da ake ba shi ya riƙa sayen sufana ɗaya-ɗaya, har akwati ya cika.

Shekara talatin bayan haka, watau a 2016, gwamnatin Muhammadu Buhari ta kawo shirin N-Power. Yayana, wanda ya daɗe riƙe da takardar shaidar malanta ba aiki, ya dace aka ɗauke shi, aka tura shi koyarwa a firamare, ana ba shi naira 30,000 duk wata. Muka yi murna ƙwarai, kuma lalle yara sun amfana da shi. Amma ban manta da abin da Baba ya faɗa masa a zaure ba. Ya ce, "Kai, kuɗin nan raɓa ne, hantsi na yi za su bushe. In an tashi makaranta ka riƙa zuwa shago."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Amma bai je ba. Ya sayi waya mai tsada, ya ɗinka shadda. Tun farko an shaida musu shirin na ɗan lokaci ne, da 2020 ta zo kuwa aka sallami rukuninsu. Wata da watanni yana zaune a majalisa gindin dalbejiya, kuɗin sabulu ma sai ya shiga ɗakin Inna. Ran nan da asuba, ba wanda ya ce masa uffan, sai muka ga ya ɗauki akwatin ya ɗora a babur ya bi Baba.

Yanzu idan rani ya kama, daga Karkarna da Roni da Gwiwa har Babura ake kawo musu injuna. Da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya yi tsada, manoma suka fara komawa ga injin mai aiki da hasken rana, sai Yaya ya koyi haɗa shi. Karatunsa bai tashi a banza ba, don shi ke karanta wa Baba takardar da ke zuwa da kayan.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gwamnati ta taimaki mutum biyu a gidanmu, kuma kowanne ya gode. Sai dai ɗaya ya mai da taimakon iri ya shuka, ɗaya ya mai da shi abinci ya cinye. Mu ma nan gaba kaɗan za mu gama bautar ƙasa, alawus ya tsaya, mu shiga yawo da takardu ofis-ofis. Duk wanda ya ji an buɗe wani shirin koyar da sana'a, kafin ya tambayi nawa ake bayarwa, ya tambayi kansa me zai rage a hannunsa ranar da aka rufe. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ni dai a hutun da ya wuce na zauna kusa da akwatin. Baba bai ce komai ba, sai ya miƙo mini sufana mai lamba goma, ya nuna mini inda zan kwance. Allah ya sa mu dace, amin.