Cibiyar Inji: Abin da Na Koyo a Assakio

Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya faro a watan Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, ya sa kowannenmu ya kama gabansa. Ni dai Assakio na nufa, garin Alago da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shandam a Jihar Nasarawa, wurin wani kawuna da ya daɗe a can yana sana'ar sassaƙa ƙarfe da inji. Gari ne na manoman doya da shinkafa da riɗi, saboda haka duk wanda injin niƙansa ko na casa ya sami matsala, shagon Kawu yake dosa.

Ga wanda bai taɓa ganin wannan inji ba, bakinsa ne ke damƙe ƙarfe yana juya shi, wata wuƙa kuma tana feƙe shi har ya kai kaurin da ake so. Wuƙar tana bisa wani keke da ke zamiya a kan dogon gado na ƙarfe, sannan akwai wata doguwar sanda mai zare da ke jan keken. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe tun safe har yamma, kuma babu abin da ya shiga tsakaninsu sai ɗan man da bai kai kaurin takarda ba.

Ranar farko Kawu ya miƙo mini butar mai da tsumma, ya ce, "Ɗan boko, ga aikinka kullum da safe kafin a tayar da inji. Ka shayar da kowace cibiya." Ya yi mini nuni da yatsa, ya koma wurin masu jiransa. Da na duba sai na ga wasu 'yan zobba na tagulla a jikin injin, faɗinsu milimita 6 ko 8, kowanne da ɗan ƙwallon ƙarfe a tsakiya kamar idon kifi. Ban ga ramin da mai zai bi ba. Amma ga ni ɗalibin aji uku a jami'a, ga kuma yara biyu 'yan koyo sun zuba mini ido, sai na ji nauyin tambaya. Na riƙa ɗiga mai a kan kowace cibiya ina shafewa da tsumma. Inji ya yi ta ƙyalli, ni kuwa ina ganin na iya aiki.

Bayan kamar mako uku wani manomi ya kawo sandar injin casa a yanka mata sabon zare. Kawu na tsakiyar aiki sai muka ji wani ƙara mai tayar da tsikar jiki, can kuma muka ji ƙas, keke ya tsaya cik. Wani ɗan fil ne ya karye, wanda da ma an yi shi da rauni don ya riga giyoyi karyewa idan wani abu ya cije. Kawu ya kwance mazaunin sanda mai zare, ya tarar da bushin tagullar da take juyawa a ciki ya bushe ƙayau, ya yi zafi har ya kama ta.

"Nuna mini yadda kake zuba mai," in ji shi. Na nuna masa, hannuna na rawa. Bai ce uffan ba. Ya karɓi butar, ya goge cibiya da tsumma, ya ɗora bakin butar a kan ɗan ƙwallon ya danna, sai ƙwallon ya nutse. Ya yi ta matsa mai har tsohon mai baƙi ya ɓullo ta gefe, sabo ya biyo bayansa. Ashe akwai ɗan sifirin a ƙarƙashin ƙwallon da ke tokare shi, ya toshe ƙofa don kada ƙura da ɓarɓashin ƙarfe su shiga. In ba a danna ba, ko ɗigo ɗaya ba ya wucewa.

A ranar ya koya mini sauran ƙa'idojin. A goge cibiya tukuna, in ba haka ba mai zai tura datti ciki. Kada a danna da ƙusa, domin ƙwallon na iya maƙalewa ya bar ƙofa a buɗe. Kada a cusa giris, saboda yana toshe hanyar mai, yana kuma riƙe ɓarɓashi har ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Gado yana son mai mai ɗan kauri, irin mai lamba 68, ba baƙin man da aka juye daga mota ba.

Kwana biyu shago ya yi a tsaye. Kawu ya tafi Lafiya neman tagulla da kuɗin aljihunsa, manomin nan kuma ya yi ta sintiri alhali mata na jiran casa a ƙauyensu. Da dare na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ma ban tsaya na koya maka ba. Amma ai matambayi ba ya ɓata."

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne sunan nan. Na zaci siffa ce kawai ta sa Kawu ke cewa cibiya. Daga baya na tuna ta cibiya ɗan tayi ke samun abinci a cikin uwa. Ke nan sunan ya riga ya faɗa mini cewa hanya ce mai shiga ciki, ni ne ban saurara ba. A aji mun karanta faɗaɗa ma'ana, na ma ci jarrabawa a kanta, amma da ta zo gabana a bakin mai sana'a ban gane ta ba.

'Yan'uwa ɗalibai, ƙamusun Bargery na 1934 daga bakin masu harshe aka tattaro shi. Yau ma akwai kalmomi jibge a shagunan makanikai da masu walda da maƙera, ba wanda ya rubuta su. Idan hutu ya zo mu ɗauki littafi da biro mu je mu zauna da su, mu tambayi sunan kowane abu da dalilin sunan. Ni na fara, kuma cibiya ce kalma ta farko a littafina.