Yammacin Ƙwallo a Tsaskiya

Da hutun da ya wuce, wani abokin karatuna a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya matsa mini sai na je garinsu, Tsaskiya, cikin ƙaramar hukumar Safana. Ya ce ƙanensa zai buga wasa, kuma idan ban ga yadda ake son ƙwallo a garinsu ba, to ban ga komai ba.

Mun isa da azahar, lokacin kaka. An yanke gero, dawa ta sunkuya tana jiran girbi. Tun daga bakin gari muka fara jin zancen wasan. Mai shayi yana yi, masu acaɓa suna yi, har wani tsoho da ke ƙarƙashin darbejiya ya tare mu ya ce wa abokina, “Ɗana, ka gaya wa ƙanenka kada ya ba mu kunya.”

Wasan tsakanin ɗaliban sakandare ne 'yan garin da takwarorinsu da suka zo daga ɓangaren Batsari. Filin ƙasa ne, ba ciyawa, an ja layi da toka. Ba kujera ko ɗaya. Yara sun ɗare bishiyoyi, 'yan mata masu tallar gyaɗa da awara sun kewaye, wani yana kaɗa jarka kamar ganga. Na taɓa kallon Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, amma ban ji ihun da ya shige ni kamar na ranar ba, domin a nan duk wanda ke cikin fili ɗan wani ne ko ƙanen wani.

Baƙin suka fara zura ƙwallo. Wuri ya yi tsit, sai 'yan rakiyarsu ke tsalle suna gori. Bayan hutun rabin lokaci 'yan gida suka farke. Can alƙalin wasa ya hana wani bugun fanareti, nan take aka cika fili, har wasu suka fara neman duwatsu. Sai wani malami ya ɗaga hannu ya nuna rana, ya ce, “Ku dubi lokaci. Yaran nan suna da hanya a gabansu.”

Kowa ya gane nufinsa. Safana da Batsari suna bakin dajin Rugu, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar yankin. A Disamban 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu. A irin wannan wuri, ba a son magariba ta riski mutum a hanya.

Aka watsar da duwatsu, aka ƙarasa wasa kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Abin da ya fi burge ni ya biyo baya. Samarin da suka fi kowa zafin kai su ne suka kawo wa baƙin ruwa, suka raka su har bakin hanya, suna cewa, “Sai mun zo garinku, za ku gani!” Ba su koma gida ba sai da aka bugo waya cewa an sauka lafiya.

Ƙannena ɗalibai, ku so makarantarku, ku yi ihu iya ƙarfinku. Amma ku tuna, in kun kori abokin hamayya da jifa, da wa za ku buga baɗi? Yaran da suka ratso wannan hanya don su taka leda da ku sun ba ku amana ce. Zumunta a ƙafa take, kuma a Tsaskiya na ga ƙafar da ke buga ƙwallo ita ce ke yin rakiya.