Zagayen Safe a Asibitin Malumfashi

In ka tashi daga Funtuwa ka nufi Malumfashi, gonakin auduga da masara za ka yi ta gani hagu da dama. Masu gonakin nan su ne ke cika gadajen asibitin garin, wanda a shekarun 1970 yake hannun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A ƙasar nan aka yi binciken saran maciji. Manomin da kububuwa ta sara, likita kan gan shi minti kaɗan da safe, amma nas ce ta kwana tana duban dasashinsa. Ya kamata likita ya tsaya ya tambaye ta. Ita ma kada nauyinsa ya hana ta faɗin cewa jinin da aka ɗiba da asuba bai daskare ba, gama da wannan zai san a ƙara maganin dafi.