Birin da Ba Ruwansa da Gonar Kowa

Bahaushe ba ya yabon biri. In ka ji sunansa a bakinmu, to maganar ɓarna ake yi: ya karya masara, ya tone gyaɗa, ya ci ɗaya ya zubar da goma. Yaron da ya cika ƙiriniya ma da biri ake kwatanta shi. Wannan shaida jan biri da tsula ne suka jawo ta, domin su ne manomi ya sani. Amma a nan Ghana akwai wani biri da ba ruwansa da gonar kowa, kuma shi ne yake neman ƙarewa.

Masana suna kiransa kolobas mai farar cinya, mutanen Bono da Asante kuma suna ce masa efoo. Jikinsa baƙi ne wuluk, farin gashi ya zagaye fuskarsa kamar dattijon da ya bar saje da gemu, ga fari a cinyoyi, ga doguwar wutsiya fara fat. Sunan kolobas daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa mai dungu, saboda babban yatsan hannunsa ya zama ɗan guntu. Da yatsu huɗu yake saƙale reshe kamar ƙugiya in ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan. Asalin mazauninsa ya taso daga Kodebuwa, ya ratsa Ghana da Togo da Benin har yammacin Najeriya. Yau a mafi yawan waɗannan wurare sai dai labari, kuma ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da suke gab da ɓacewa.

Abincinsa ganye ne, sai 'ya'yan itace ɗanye da ƙwaya da fure in lokacinsu ya zo. Ganye kuwa abinci ne mai wuyar narkewa, ga ƙarancin amfani, wani ma da guba. Shi ya sa cikinsa ya kasu ɗaki-ɗaki, kusan irin na saniya, inda ƙwayoyin halitta suke ruɓar da ganyen kafin jiki ya amfana. Aikin yana cin lokaci, don haka yawancin yini a zaune yake kan reshe, ciki a cike, wutsiya a sake. Wanda bai sani ba sai ya ce malalaci ne. Wannan cikin ne kuma ya sa ba ya kiwatuwa a gida. Ka ɗaure shi a tsakar gida ka riƙa ba shi ayaba da tuwo, ba zai daɗe ba.

Aiki ne ya kai ni Boabeng da Fiema, ƙauyuka biyu maƙwabtan juna a ƙasar Nkoranza, ba nisa da Techiman. Na je ne in ɗauko sauti don shirina na safe, domin mu 'yan rediyo abin da kunne bai ji ba bai faru ba. Da asuba manyan mazan suke ruri, wata irin gurnani mai kauri, kai ka ce babur ne ake ta bugawa ya ƙi tashi. Wannan garke ya yi, wancan ya amsa daga nesa, kowa yana sanar da inda ya kwana. Da na sa muryar a iska, masu kiran waya suka yi ta canka: wani ya ce kwaɗo ne, wani ya ce damisa, wata ta ce injin niƙa. Ba wanda ya ce biri. Yawancinsu a wannan ƙasa aka haife su, wasu ma kakanninsu fatake ne da suka ratsa waɗannan dazuzzuka suna sayen goro.

A can na ga jaririnsa. Fari sol ake haifarsa, sai ya yi kamar wata uku kafin ya rikiɗe ya ɗauki kamannin iyayensa. Matan garken suna ta karɓarsa daga hannun uwar, kamar yadda ake yi a gidan suna. Sai dai rayuwar ba duka daɗi ba ce. In baƙon namiji ya ƙwace garke, yakan kashe jariran da ya tarar, domin uwayen su dawo haihuwa da wuri. Mace kuma ɗa guda take haifa, sai ta shekara da wani abu kafin ta sake. Dabbar da take hayayyafa a hankali haka, maharbi ɗaya mai bindiga ya isa ya share garkenta cikin damina guda.

An daɗe ana share su. A ƙarshen ƙarni na 19, dubban fatunsu aka riƙa lodawa a jiragen ruwa daga gaɓar Gold Coast zuwa Turai, ana yi wa mata rigunan ƙawa. Bayan fata sai nama, bayan nama sai katako, gonakin koko da kashu, gawayi, sai kuma haƙar zinariya ta galamse. Wani ɗan'uwansa, jan kolobas da aka sa wa sunan Miss Waldron, tun 1978 masana ba su sake ganinsa da ido ba, kuma a shekarar 2000 suka ce da alama ya ƙare. Dajin Ghana da Kodebuwa ne gidansa.

To me ya tsare na Boabeng da Fiema? Mutanen wurin sun ɗauki birai a matsayin 'ya'yan abin bautarsu, kashe su haramun ne a al'adarsu. In biri ya mutu, a ɗan akwati ake sa shi a binne, har maƙabarta gare su. A shekarun 1970, da wasu suka fara karya wannan hani, wani ɗan garin mai suna Daniel Akowuah ya tashi tsaye, har aka kafa dokar ƙaramar hukuma a 1975 da ta hana taɓa su. Dajin bai kai murabba'in kilomita 2 ba, amma biran sun ƙaru a cikinsa, baƙi suna zuwa kallo, garin yana samun kuɗin shiga.

Ni Musulmi ne, ban yarda biri ɗan wani abin bauta ba ne. Amma na tsaya a gaban waɗannan ƙananan kaburbura na tambayi kaina: mu da muke cewa ƙasa da abin da ke cikinta amana ce a hannun ɗan Adam, wane daji muka tsare? Buhun gawayin da ake saukewa kowace safiya a zangonninmu daga wani itace ya fito. Katakon da muke rufin ɗaki da shi, mai injin yanka da ya kawo shi da dare bai tambayi wa ke kwana a kansa ba. Ba mu cin naman biri, gaskiya ne, amma wanda ya rushe maka gida bai fi wanda ya harbe ka tausayi ba.

Ba na cewa uwar gida ta daina girki, ko mai shayi ya kashe wutarsa. Talaka da abin da ya samu yake dafa abinci. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Dillalan gawayi da na katako da yawa 'yan'uwanmu ne, suna jin maganar sarakunan zango da limamai. A riƙa tambayar inda kaya suka fito. In yaro ya zo da ɗan biri fari yana talla a bakin hanya, kada a saya, domin sai an harbe uwar ake samun ɗan. Malaman makarantunmu kuma da suke kai yara yawon buɗe ido Kintampo su ga ruwa mai zubowa, su ratse Nkoranza su kwana ɗaya. A tashe su da asuba su ji rurin da kunnensu.