Ƙungiyar Aljanu Ce, Likita?

Mai karatu, bari in fara da amsa laifi na tun kafin ka tuhume ni. Shekara tara cur na yi ina biyan kuɗin ƙungiyar mu ta likitoci, amma ban taɓa zama a taron ta daga buɗewa har zuwa tashi ba. Duk wata ana zare kuɗin daga albashi na tun kafin ya iso hannu na, duk wata kuma sakatare ya na turo saƙo ta waya cewa akwai taro ranar Asabar. Ni kuwa in karanta, in ce Allah ya ba da sa'a, in goge. A gani na tunda na biya, ai na sauke nauyi.

Ni likitan iyali ne. Idan ka taɓa yankar kati a asibiti ka bi layi, to iri na ka fara gani. Mu ne ke duba jariri mai zazzaɓi da safe, mu duba kakar sa mai ciwon gwiwa da hantsi, kafin azahar mu ga uban sa mai hawan jini. Wanda ciwon sa ya fi ƙarfin ɗakin mu, mu rubuta masa takarda zuwa wurin likitan tiyata ko na zuciya ko na mata. Shi ma fanni ne da ake shafe shekaru ana koyon sa bayan digiri, a ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko takwarar ta ta Afirka ta Yamma. Amma har gobe akwai masu kallon mu a matsayin waɗanda ba su samu wani fannin ba ne su ka tsaya a bakin ƙofa.

Ƙungiyoyi kam ba mu rasa ba. Akwai uwar ƙungiya ta dukkan likitocin Nijeriya, wato NMA, wadda tushen ta ya faro tun 1951. Akwai SOFPON, ta likitocin iyali zalla. Masu asibitocin kuɗi su na da tasu, masu neman ƙwarewa ma haka. Ba zan faɗi jihar da na ke aiki ko reshen da na ke ciki ba, don labarin nan ba na tonon asirin kowa ba ne sai nawa.

Akwai wani dattijo tela da na shekara shida ina dubawa. Baba na ke ce masa. Hawan jini da ciwon suga su ka haɗu masa, amma mutum ne mai kiyaye magani, ranar da na rubuta masa ba ya saɓawa. Duk wata zai zo da katin sa a cikin leda, in auna shi, mu yi 'yar hira a kan tsadar yadi, in sabunta masa magani. Sau biyu ya na ɗinka mani hula ya ƙi karɓar ko sisi.

Wata shekara albashin mu ya maƙale na watanni, likitocin jihar mu su ka tafi yajin aiki. An yi taro kafin a yanke shawara, saƙo ya zo mani kamar kullum, ban je ba. Washegari na ji an ce a rufe ɗakunan gani, na rufe nawa na koma gida. Maganar gaskiya ina goyon bayan yajin, domin ni ma bashi ya yi mani katutu. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne masu irin ciwon Baba, waɗanda ranar dawowar su ta faɗo a tsakiyar yajin.

Mako bakwai aka yi. Ranar da mu ka koma, 'yar sa ce ta turo shi a keken marasa lafiya, bakin sa ya karkace, hannun dama ya saki. Maganin sa ya ƙare a mako na biyu. Ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, ya je kemis aka ba shi wani abu daban, da ya ji bai karɓe shi ba ya bari, ya ce zai jira likitan sa. Ɓarin jiki ya shanye masa wata rana da asuba.

Na duba shi ina ta kame-kame. Na ce wa 'yar, "Ki yi haƙuri, wannan abu ba ni na yanke ba, ƙungiya ce."

Ta dube ni ido cikin ido, ba faɗa ba tsawa, ta ce, "Ƙungiyar aljanu ce, likita? Ba ku ba ne a ciki?"

Wallahi mai karatu na rasa amsa. Baba ya ɗaga hannun hagu ya na yi mata alamar ta yi shiru, wai kada ta ɓata mani rai. Wannan ya fi maganar ta yi mani ciwo.

Asabar ɗin da ta biyo baya na je taro. Na zauna a baya na ƙirga kawuna. A cikin ɗakin nan kaf, mu uku ne masu zama a ɗakin gani na yau da kullum, alhali a asibitocin jihar mun fi kowa ganin marasa lafiya. Sauran manyan likitoci ne na cikin birni da matasa masu neman ƙwarewa. Ba mugaye ba ne, kowa dai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya ya ke kawowa: ƙarin girma, kuɗin kwanan aiki, kayan tiyata. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, mu kuwa masu namu ɗakin mun zauna a gida. Na nemi a ba ni rahoton taron da aka yanke yajin, na karanta daga farko har ƙarshe. An tanadi yadda za a yi da masu haɗari da masu naƙuda. Masu zuwa karɓar maganin wata-wata ko layi ɗaya babu a kan su, domin babu wanda ya tayar da maganar.

To me ke hana mu zuwa? Na san amsar, don duk na fake da su. Na farko layi: mutum ya wuni ya na ganin jama'a har la'asar, ranar Asabar kuma a ce ya zo ya zauna sauraron jawabi. Na biyu nisa, don da yawan mu a ƙananan hukumomi mu ke, in ka taho birni babu mai riƙe maka asibiti. Na uku siyasa, lokacin zaɓe sai ka rantse na gwamna ake yi. Na huɗu kuma, wanda ba mu cika faɗa ba, jin cewa idan manya na magana wa zai saurari likitan zazzaɓi. Ko tarukan ƙara wa juna sani da hukumar kula da likitoci ta ƙasa ta wajabta, inda ake tara maki 20 a shekara kafin a sabunta lasisi, da yawan mu sa hannu mu ke yi mu karɓi takarda mu sulale. Ni ma na sha yi.

Sai da na fara zama na gane yawan abubuwan da su ka shafi ɗaki na waɗanda a teburin ƙungiya ake ja-in-ja a kan su. Ɗauki alawus ɗin haɗari. Shekaru masu yawa naira dubu 5 ake ba likitan gwamnatin tarayya a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin dubu 32 da dubu 40, bayan doguwar tattaunawa da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya. Mai tarin fuka da mai zazzaɓin Lassa kuwa, kafin a san abin da ke damun su, a gaban mu su ke fara zama su yi tari. Ko ka ɗauki inshorar lafiya da aka ƙaddamar a 2005. A tsarin, ana biyan asibitin farko wani kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ya zo ko bai zo ba, daga ciki za a duba shi a ba shi magani. Naira 750 ce tun 2012, haka ta tsaya fiye da shekara goma kuɗin magani na ta hawa, kafin a waiwaye ta a 2024. Idan ka taɓa zuwa da katin inshora aka ce maka maganin ya ƙare ka je ka saya, ga ɗaya daga cikin dalilan. Wa ya fi likitan iyali sanin wannan lissafi? Amma in bai zo ya faɗa ba, wani ne zai faɗa a madadin sa, iya abin da ya sani.

Wani dattijon likita da ya yi karatu a Ingila ya taɓa ba ni labarin yadda takwarorin mu na can su ka fita daga irin wannan raini. A 1951 wasu likitoci biyu, John Hunt da Fraser Rose, su ka rubuta wasiƙa a mujallun likitoci su na neman likitocin gama-gari su samu kwalejin kan su. Manyan kwalejoji ba su yi maraba da abin ba, amma a 1952 aka kafa ta. Ya ce mani, "Ɗana, su ma layi gare su, su ma sun gaji. Zuwa su ka yi."

Karo na uku da na halarta na ɗaga hannu. Murya ta na rawa na kawo shawara uku: kafin a shiga kowane yaji a ba da sanarwa a ɗakunan gani da harshen da mutane ke ji, a rubuta wa masu hawan jini da suga da farfaɗiya maganin wata biyu, sannan a liƙa sunayen asibitocin da za su iya zuwa a auna su. Wani ya miƙe ya ce ina so in kashe kaifin yajin. Aka ƙaɗa ƙuri'a na sha ƙasa warwas. Na koma gida ina cewa ai ga abin da na ke gudu.

Amma da aka tashi wata likita daga wata ƙaramar hukuma ta tare ni a bakin mota ta ce ita ma ta na da irin Baba har biyu. Mu ka fara kiran 'yan'uwan mu ɗaya bayan ɗaya, mu ka tsara wanda zai riƙe wa wani aiki don ya samu zuwa. Bayan kusan shekara mu ka sake kawo maganar mu goma sha ɗaya. An karɓi ta sanarwa da ta maganin wata biyu, ta uku aka ce sai an ƙara nazari, har yau ana nazarin. Da babu gara ba daɗi.

Ba zan yi maka ƙarya in ce yanzu ina jin daɗin taro ba. Har yau ana makara, har yau akwai mai riƙe makirfo rabin awa bai ce komai ba, har yau ana yanke abin da ban so. Bambancin kawai shi ne in an yanke ina wurin, kuma in mara lafiya ya tambaye ni ba na cewa su ne.

Baba ya rayu shekara biyu bayan haka, bai ƙara taka keken ɗinki ba. Allah ya jiƙan sa. Ba na cewa da na je taron nan da bai kwanta ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne akwai maganar da ya kamata a faɗa a ɗakin nan ranar, ni ne mai ita, kuma ina gida ina barci.

Kai ma mai karatu, ko tela ne kai, ko malamin makaranta, ko direba, da wuya a ce ba ka da wata ƙungiya da ake karɓar kuɗin ka da sunan ta. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Idan kuma ka na da likitan da ka saba da shi, ran da ka je ganin sa ka tambaye shi yaushe rabon sa da taron ƙungiyar su. In ya fara kame-kame, ka ba shi labarin Baba.