Mawaƙin da aka manna a bango

A zaman ƙungiyarmu na makon jiya, hoto ɗaya ne ya hana mu tashi da wuri: filin jirgin saman Libaful a Ingila, inda kalaman waƙar John Lennon ke tarbar matafiya. Irin wannan ado sitika ce kawai. A buga a leda mai gam, a manna a bango, in an gaji a ɓare.

Mun fara da sha'awa. Lennon, ɗan garin, mawaƙin rok na ƙungiyar Beatles, an harbe shi a Amurka a 1980. A 2001 aka sa wa filin sunansa. Wane marubuci ne ba ya son haka?

Sai wata 'yar uwa ta tuna mana cewa mutumin nan a 1969 ya mayar wa Sarauniya lambar yabon da ta ba shi, saboda adawa da yaƙi, har da na Biyafara. Sarauniyar ce kuma ta buɗe sabon ginin filin a 2002. Muka yi shiru.

Gaskiya abin ya tsaya mana a rai. Mai zaɓen kalaman bango layi mai daɗi yake nema, wanda ba zai ɓata wa mai jan akwati rai ba. Fushin mawaƙin bai sami wuri ba.

Da muka koma gida, kowa ya buɗe rubutunsa yana duba layin da za a yanka, da wanda za a bari a baya.